Amsar Anti ga Kawu kan tafiyar yarinyar nan Legas

Salamu alaikum. Kawu, barkanku da yamma. Na saurari muryarku, kuna tambayar me ya haɗa ɗalibar haɗa magunguna a Samaru da tarkacen da masunta ke zubarwa a teku. Na san dai kuɗin motar Legas ne maganar. Don Allah ku biya mata.

Jiragen da ke kamun jatan lande a gaɓar Neja Delta, in sun ja komarsu ta ƙasan ruwa, ba jatan landen kaɗai ke shiga ba. Kaguwa, katantanwa, soson teku, duk a zazzage su a bisa jirgi, a tsince na sayarwa, sauran a kwashe a watsa ruwa, galibi sun riga sun mutu. To irin waɗannan halittu ba su da ƙashin baya, da yawansu ko gudu ba sa iyawa, da guba suke kare kansu. Gubar nan ake nema don haɗa magani, samo waɗannan halittu ne zai kai ta Legas.

Soson nan fa, Kawu! A shekarun 1950 aka ciro wasu sinadarai daga wani soso na tekun Karebiyan, a kansu aka ƙera maganin cytarabine, Amurka ta amince da shi a 1969. Har gobe ana ɗura wa masu kansar jini shi, ku tambayi likitocin asibitin Shika. Ga eribulin na kansar nono, 2010, asalinsa wani soson Japan. Tan guda na soson ba ya ba da ko giram ɗaya na sinadarin, sai da aka koyi haɗa shi a ɗakin gwaji. Akwai na dafin katantanwa ma, na ciwo mai tsanani... a bar wannan, zai yi tsawo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ina ɗaliba na kai irin wannan shawara, wani babba ya ce in koma kan binciken darbejiya, wai mu ba mutanen ruwa ba ne. Kowa darbejiya, kowa zogale! Ban raina zogale ba, wallahi, amma mu nawa ne a kansa? Takardar shawarar tana nan a akwatina har yau.

Ban ce za ta dawo da magani a jaka ba, aikin shekaru ne. Amma ta tafi da kular sanyi da ƙanƙara, zafi na lalata halittun kafin ta wuce Ibadan a hanyar dawowa. Masauki kuma zan yi wa Yaya magana a Agege.