Zanen da Mista Bin ya ɓata, da saƙon rasuwarsa da ke yawo a waya

Tambaya: Malam, ni da yayana mun kwana biyu muna gardama. Na ce fim ɗin da Mista Bin ya ɓata zanen tsohuwar nan shi ne na Faransa, shi kuma ya dage na Amurka ne. Abin da ya fi tayar min da hankali, jiya ya turo min saƙo a WhatsApp wai ɗan wasan ya rasu a haɗarin mota, har da bidiyon da za a danna a gani. Don Allah a raba mu.

Amsa: Malama, a batun zane yayanki ne da gaskiya. Fim ɗin shi ne Bean na 1997, wanda Mel Smith ya ba da umarni. Bin mai gadi ne a wani gidan adana zane-zane a Landan, manyansa sun gaji da shi, sai suka tura shi Los Anjeles da sunan babban masani. A can ya yi wa zanen atishawa, ya goge da hankici mai tawada, ya zo gyarawa da ruwan cire fenti, fuskar tsohuwa ta shafe fes. Na Faransa kuwa Mr. Bean's Holiday ne na 2007, tafiya ce zuwa bakin teku a Cannes.

Ke ma akwai inda kika jiyo Faransa. Zanen na ainihi, wanda Ba'amurke James Whistler ya yi wa mahaifiyarsa a 1871, yana gidan tarihin Orsay a Paris, kuma ko a cikin fim ɗin daga can aka sayo shi a kan dala miliyan 50. Na ainihin lafiyarsa ƙalau.

Saƙon rasuwar nan shi ne abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kada ki danna shi. Wannan ƙarya ta zagayo a 2016, ta dawo a 2017 da 2018, ta sake ɓullowa a 2021, kuma bayan duk wannan Rowan Atkinson, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Mista Bin, ya fito a Man vs. Bee a 2022, ya fito a Wonka a 2023. Masu ƙirƙirar labarin sun san ya taɓa yin haɗari da motarsa McLaren a 2011 har ya ji ciwo a kafaɗa, a kan wannan guntuwar gaskiya suke ɗora ƙaryarsu. Sai su manna tambarin wani gidan talabijin na Amurka, su sa hoton mota a ragargaje. Da kin danna, ba bidiyon da za ki gani. Ko a ce sai kin tura wa mutane kafin ya buɗe, ko a tsorata ki cewa cuta ta shiga wayarki ki kira wata lamba, ko a nemi kalmar sirrinki ta Facebook. Daga nan sai ki ji an yi amfani da sunanki ana roƙon 'yan'uwanki kuɗi.

Abin da ke ba ni takaici, masu yaɗawar ba ɓarayin ba ne, mutanen kirki ne irin yayanki, da ke jin sun riga kowa samun labari. Mutumin da ya fito a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012 duniya na kallonsa, zai rasu a ce BBC ba ta ji ba, sai rukunin WhatsApp na unguwa? Minti ɗaya ya isa mutum ya buɗe rediyo ko ya duba shafin labarai na gaskiya, amma sai a tura wa iyaye da surukai, waɗanda ba su san tarkon ba.

Ki tambayi yayanki da girmamawa ko ya danna. In ya danna har ya rubuta wani abu, ya canza kalmar sirrinsa yau ɗin nan, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar tsaro da ake nema kafin a shiga asusu, a WhatsApp da Facebook, sannan ya koma duk inda ya tura saƙon ya ce a goge.