Amsa: Daɗin karatu a na'urorin littattafai na farko

Malam, ka tambaya ko na'urorin karanta littattafai na farko sun fi wayar hannu daɗin karatu, kuma a ganina sun fi ta nesa ba kusa ba. Na fara riƙe irin wannan na'ura mai suna Kindle a 2010, shekara uku bayan kamfanin Amazon ya fitar da ta farko a Nuwamban 2007 kan dala 399.

Abin da ya kama zuciyata shi ne fuskarta mai fasahar E Ink, wadda ba ta fitar da haske, don haka nakan yi awa uku ina karatu a inuwar bishiya ba tare da idona ya yi zafi ba. Da yake fuskar ba ta jan wuta sai lokacin juya shafi, caji ɗaya yakan kai ni mako biyu, kuma wannan babban abu ne ga mai zama inda lantarki ba ya tsayawa. Da dare kuwa sai da fitila, har sabon samfurin Kindle mai suna Paperwhite ya zo da haskensa a 2012.

Littattafan farko da na zuba mata daga Project Gutenberg, wani ɗakin karatu na intanet, na sauko da su kyauta.