Amsoshin Tambayoyinku: Ciwon Ƙafa da Idon Sawu, da Ɗaukaka Ƙara a Hukumar Tsoffin Sojojin Amurka

Wasiƙun wannan makon daga 'yan'uwanmu ne da suka yi aikin soja a Amurka, da iyalansu. Duka a kan abu guda suke: kason naƙasa da hukumar kula da tsoffin sojoji, wato VA, ta yanke musu saboda ciwon ƙafa ko idon sawu, wanda da shi ake lissafin kuɗin da za a riƙa biyansu duk wata, da abin da ya kamata su kashe wa kuɗi idan ba su gamsu ba.

Tambaya ta farko, daga wani ɗan'uwa a Greensboro: "Na karye a idon sawun dama lokacin horon dirowa da laima. An ba ni kashi 10 cikin 100. Watanni bakwai ke nan da takardar ta zo. Ba na iya tsayuwar awa guda a wurin aiki, salla ma a kan kujera nake yi. Wani likita ya ce in biya dala 1,200 ya rubuta mini takarda. In biya?"

Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka biya tukuna. Abin da ya fi gaggawa shi ne kwanan watan da ke saman takardar hukuncin da VA ta aiko maka, domin shekara guda kake da ita daga ranar, kuma bakwai cikin watanni goma sha biyu sun tafi. Idan ka ƙalubalanci hukuncin cikin shekarar kuma ka yi nasara, ƙarin kuɗin zai iya komawa baya zuwa ranar buƙatarka ta asali, a biya ka ariyas. Idan ka bari ta wuce, ƙofa ba ta rufe ba, amma galibi daga ranar sabuwar takardarka za a fara lissafi.

Sannan ka nemi rahoton gwajin likita da VA ta sa aka yi maka. Kana iya neman kwafin fayil ɗinka da fom 20-10206, amma ya fi sauri ka je wurin wakilin wata ƙungiyar tsoffin sojoji da hukuma ta amince da shi, domin da yawansu na iya buɗe fayil ɗin a kwamfuta. A cikin rahoton lambobi biyu za ka duba. Lafiyayyen idon sawu yana lanƙwasawa sama digiri 20, ƙasa kuma digiri 45. Tun 7 ga Fabrairu 2021, lamba 5271 ta jadawalin naƙasa ta fayyace abin: idan ɗagowa sama bai kai digiri 15 ba, ko miƙewa ƙasa bai kai 30 ba, kashi 10 ne. Idan sama bai kai digiri 5 ba, ko ƙasa bai kai 10 ba, kashi 20 ne, kuma nan lambar ta tsaya. Abin da ya wuce haka sai gaɓar ta sandare gaba ɗaya, wanda ke ƙarƙashin lamba 5270, daga kashi 20 zuwa 40. Ina faɗa maka wannan ne don ka san girman abin da kake nema kafin ka zuba kuɗi. A farashin 2025, kashi 10 dala 175.51 ne a wata, kashi 20 kuma dala 346.95.

Wurin da aka fi cutar mutane shi ne yadda aka yi gwajin kansa. Kotun ɗaukaka ƙarar tsoffin sojoji ta yi hukunci a shari'ar DeLuca a 1995 cewa dole a yi la'akari da zafi, gajiya da raunin da ke zuwa bayan an yi ta amfani da gaɓa. A shari'ar Correia ta 2016 ta ce a gwada gaɓar lokacin da mutum ke motsa ta da kansa da lokacin da likita ke motsa ta, yana tsaye a kanta da kuma babu nauyi, a kwatanta da ɗaya ƙafar idan lafiyarta ƙalau. A shari'ar Sharp ta 2017 kuma ta ce likita ba zai wanke hannunsa ba don kawai ciwon bai tashi a gabansa ba. Wajibinsa ne ya tambaye ka yadda ranakun tashin ciwo suke, ya ƙiyasta yawan motsin da kake rasawa. To duba rahotonka. An sa ma'aunin kusurwa, ko da ido aka duba? An sa ka maimaita motsin sau uku? An rubuta wani abu game da ranakun kumburi?

Amsar waɗannan ita za ta zaɓa maka hanya. Tun 19 ga Fabrairu 2019 hanyoyi uku ne. Ta farko, babban jami'i ya sake duba fayil ɗin, da fom 20-0996. A nan ba a karɓar sabuwar hujja ko guda, saboda haka takardar dala 1,200 ba ta da amfani a wannan layi. Amma idan gwajin ne aka yi shi rabi da rabi, jami'in na iya mayar da shi a gyara, a sake gwada ka kyauta, kuma kana iya neman a kira ka a waya ka nuna masa inda kuskuren yake. Ta biyu, ƙarin buƙata da sabuwar hujja mai alaƙa da batun, fom 20-0995. Nan ne hoton ƙashi na baya-bayan nan, rahoton likitanka da shaidar matarka ko shugabanka na wurin aiki, a fom 21-10210, suke aiki. Ta uku, kai ƙara gaban alƙalin Kwamitin Ɗaukaka Ƙara, fom 10182, wadda ta fi sauran jinkiri, musamman idan ka nemi zama gaban alƙali.

Shawarata: tunda hukuma ta riga ta yarda a soja ka ji ciwon, ba ka bukatar sayen takardar da za ta haɗa ciwon da aikinka. Awo kake bukata. Likitan ƙafa ko mai gashin ƙashi da kake gani zai iya auna maka ya rubuta a fayil ɗinka na asibiti ba tare da wannan kuɗi ba.

Akwai kuma wata magana da nake so ta shiga kunnenka. An raine mu da dauriya, soja kuma ya ƙara mana. Likita ya tambaye ka ya jiki, ka ce da sauƙi, ka cije ka lanƙwasa ƙafar har ƙarshe, shi kuwa abin da ya gani yake rubutawa. Godiya ga Allah daban, bayanin ciwo daban. Idan zafi ya fara, ka ce nan ya fara. Ka gaya masa ba ka iya zaman tahiya, kana sauka matakala da gefe, ka faɗi kwana nawa a wata kake kasa sa takalmi. Kada ka ƙara gishiri, kada kuma ka rage.

Tambaya ta biyu, daga wata baiwar Allah a Bronx: "Maigidana tafin ƙafafunsa biyu sun baje, dunduniyarsa kuma kamar ana soka masa ƙusa da asuba. Kashi 10 suka ba shi. Wani kamfani da muka gani a Facebook ya ce zai kai shi kashi 30 ko 50, mu biya ninki biyar na abin da ya ƙaru a wata. Shi ya ce a bari kawai. Ni ce nake ganin wahalarsa."

Hajiya, Allah ya saka miki da wannan tsayuwa. Kada ku sa hannu. Dokar Amurka ta ce mutum ba zai taimaka wajen shirya buƙata ko wakiltar tsohon soja gaban VA ba sai hukumar ta tantance shi, kuma ko tantantaccen lauya ba ya karɓar kuɗi kafin a yanke hukuncin farko. Kamfanonin nan da yawansu ba a tantance su ba, shi ya sa suke kiran kansu masu ba da shawara, su bar ku ku aika takardun da sunanku. Idan abu ya lalace, babu su a fayil. Ofishin babban lauyan VA yana da shafi a intanet inda za ki rubuta sunan mutum ki ga ko an tantance shi. Wanda kuma ya yi miki alkawarin kaso kafin ya ga rahoton likita, ba shi da ikon cika shi.

Yi lissafi da kanki. Daga kashi 10 zuwa 30, bambancin a 2025 kusan dala 362 ne a wata ga mutum shi kaɗai, ninki biyar ya haura dala 1,800, kuma daga kashi 30 ake fara ƙara kuɗin mata da 'ya'ya, don haka kuɗin kamfanin zai ƙaru. Ƙungiyoyin tsoffin sojoji irin su DAV, VFW da American Legion suna yin wannan aiki kyauta. Idan batun ya yi tsauri har sai da lauya, shi galibi daga ariyas yake ɗauka. Kashi 20 cikin 100 ne abin da doka ke ɗauka a matsayin daidai, abin da ya wuce kashi ɗaya bisa uku kuwa ana ɗaukarsa ya yi yawa. Ni zan fara da na kyauta, in ajiye lauya sai an kai gaban alƙali.

Game da ciwon kansa, maigidanki na iya samun hujja mai ƙarfi. Lamba 5276 ta bajewar tafin ƙafa tana ba da kashi 10 ga matsakaici, kashi 30 ga mai tsanani a ƙafa biyu, kashi 50 ga wanda ya kai matuƙa a ƙafa biyu. Alamun mai tsanani su ne karkacewar ƙafa a fili, zafi idan an taɓa ko an taka, kumburi bayan tafiya, da kanta a tafin ƙafa. Na matuƙa kuwa har da sharaɗin cewa takalmin asibiti ko shimfiɗar cikin takalmi ba su kawo sauƙi ba. Ciwon dunduniya da ke fitowa daga jijiyar tafin ƙafa ya samu lambarsa, 5269, a 2021: kashi 10 ne a bisa al'ada, ya koma 20 a ƙafa ɗaya ko 30 a biyu idan magani da tiyata duka sun gaza. Sai dai ba a biyan alama guda sau biyu, don haka kada ku sa ran a tara lambobin nan idan zafi iri ɗaya ne. Ki ɗauki hoton ƙafafun da yamma bayan ya dawo aiki, ki rubuta shaidarki da kwanan wata.

Tambaya ta uku, gajeriya: "In sayi shimfiɗar takalmi ta dala 400 a shago?"

Ɗan'uwa, idan kana cikin tsarin asibitin VA, nemi ganin likitan ƙafa tukuna. Sashen kayan gyaran gaɓoɓi na bayar da shimfiɗa, maɗaurin idon sawu da takalmi idan likita ya rubuta. Ban da sauƙin aljihu, wadda likita ya ba ka tana shiga fayil, kuma idan ba ta yi aiki ba shi ma zai shiga. Wadda ka saya da kanka babu wanda ya san da ita.

Tambaya ta huɗu, daga wani dattijo da ya koma gida Kumasi: "Shekara shida ina karɓar kashi 20 na idon sawu. Yanzu ɗingishi ya taɓa mini gwiwa da baya. In ɗaukaka ƙara? Ina tsoron su rage abin da nake samu."

Baba, barka da hutawa. Naka ba ɗaukaka ƙara ba ne, sabuwar buƙata ce da fom 21-526EZ, a kan cewa ciwon da aka amince da shi ya haifar da wani. A nan kam takardar likita ta cancanci kuɗinta, domin alaƙar ce ake nema. Likitan ƙashi da ya duba ka, ya karanta tarihinka, ya rubuta cewa yiwuwar ɗingishin ne ya jawo ko ya tsananta ciwon gwiwar ta kai rabi ko fiye, tare da dalilinsa na likitanci. Idan hujjoji suka yi kunnen doki, doka ta ce tsohon soja ake bai wa rinjaye. Takardar da ba ta da bayanin dalili, ko ta likitan da bai taɓa ganinka ba, ba ta da nauyi sosai.

Ka sani kuma ba a tara kaso kai tsaye. Kashi 20 da kashi 10 suna ba da 28, a zagaye shi zuwa 30. Idan ƙafafu biyu ne abin ya shafa, akwai ɗan ƙari kafin zagayewa. Tsoronka na ragi ba na banza ba ne, amma kason da ya shekara biyar bai canza ba ba a rage shi sai an nuna sauƙi mai ɗorewa, kuma sai an aiko maka da sanarwa an ba ka kwana 60 ka kawo hujja. Zamanka a Ghana bai hana komai ba: ana shirya wa mazauna ƙetare gwaji, kuma akwai shirin VA na biyan kuɗin maganin ciwon da ya samo asali daga aikin soja a ƙasashen waje, wanda ake rajista da fom 10-7959f-1. Ka tabbata adireshinka da lambar wayarka na yanzu ne ke fayil, domin rashin halartar gwaji kaɗai na iya sa a ƙi buƙatar.