Harajin gida da ɗakunan hayar da ba a rubuta ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ƙaramar hukuma ta aiko min takardar harajin gida, bana kuɗin ya ƙaru sosai. Wani ɗan'uwa ya ce min duk haraji maksu ne, haramun ne, har da hadisi ya karanto. Na ƙara ɗaki biyu a baya na zuba 'yan haya, masu kiyasi ba su sani ba, zan iya yin shiru? Ko in biya in cire a cikin zakkata?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa Allah ya yalwata maka. Cirewa a zakka dai a'a, zakka tana da mutanenta takwas a Suratut Tauba, kwalbati da kwashe shara ba sa ciki.

Abin da ya fi tsaya min shi ne ɗakunan nan biyu. Harajin gida ana lissafa shi ne kan kimar gidan, a kiyasta darajarsa ko abin da zai kawo na haya a shekara, sai a ɗora kaso, to kai gidanka ya canza, takardarsu kuma tana kan tsohon gini. In suka tambaye ka ko suka ba ka fom ka cike ka ce babu ƙari, ka yi ƙarya, ba ta da wani suna. Kuma kuɗin hayar nan in ya kai nisabi shekara ta zagayo a kansa akwai zakka, ko da gidan da kake zaune ciki babu komai a kansa.

Maganar ɗan'uwan naka kuwa, hadisan mai maksu suna nan, amma maksu shi ne abin da ake tare 'yan kasuwa a ƙwace da zalunci ba haƙƙi ba manufa, ya tafi aljihun mai karɓa. Ba kowane kuɗi da hukuma ta ɗora ba ne ke shiga nan. Sayyidina Umar ya ɗora haraji a kan filayen Iraƙi. Manyan malamai Gazali da Shaɗibi sun halatta wa shugaba ya ɗora wa masu hali in baitulmali ya gaza kuma buƙatar ta gaskiya ce. Malam Izzu bin Abdissalam ya yarda a karɓa daga jama'ar Masar kafin yaƙin Ainu Jalut na 1260, wanda Musulmi suka yi da Mongol, da sharaɗin sarakuna su fara fitar da dukiyarsu tukuna. Ka ga sharuɗɗa suka gindaya wa mai mulki, ba su ce wa talaka ya ɓoye ba. In wani ya cinye kuɗin shi da Allah, kai kuma da ka ƙi biya tara ce za ta taru, wani wurin har gida ake sayarwa a kan wannan bashi, sai iyali su kwana a waje saboda fatawar bakin titi.

In kana ganin an zalunce ka a kiyasi, akwai ƙofar ƙorafi, kuma yawanci tana da wa'adi, ka karanta takardar da kyau ka je da hujja, ka tambaya ko akwai sassauci ga mai zama a gidansa. Kar ka ba mai kiyasi na goro ya rage, rashawa ce. Ka karɓi rasit, kar ka ci bashin ruwa don ka biya, ka dinga ware wani abu daga hayar duk wata. Su kuma 'yan hayar kar ka ƙara musu kuɗi a tsakiyar yarjejeniya, ka bari ta ƙare ku zauna. Wallahu a'alam.