Likita, me ya sa gashi bai narkar da ƙarin hantar Baba ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana fama da ciwon dajin hanta. An yi masa gashi, wato haska ƙarin da na'ura don kashe ƙwayoyin dajin, wata ɗaya da ya wuce, amma sabon hoto ya nuna ƙarin na nan yadda yake. Ko na'urar ce ba ta da ƙarfi? Daga Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Baba lafiya. Ɗan'uwa, wata ɗaya ya yi kaɗan a yanke hukunci. Ƙarin hanta kan ɗauki watanni kafin ya motse, ko da gashin ya kama shi.

A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wani zare mai igiya biyu a murɗe, shi ake kira DNA, a jikinsa aka rubuta yadda ƙwaya za ta rayu ta hayayyafa. Aikin hasken gashi shi ne ya tsinka zaren nan. Idan igiya ɗaya ce ta tsinke, ƙwayar takan dubi ɗayar ta ɗinke, kamar yadda mai aikin babbar riga a cikin birni ke duban ɗaya gefen ya maido da zanen da ya warware. Amma idan biyun suka tsinke wuri guda, gyara ya yi wuya, sau da yawa ƙwayar mutuwa take yi. Binciken wannan ɗinki ne ya ba masana uku kyautar Nobel a 2015.

To, ƙwayoyin daji ma suna da nasu maɗinkan. Wasu nasu akwai zafin nama, kafin zaman gashi na gaba sun ɗinke ɓarnar. Tsakiyar babban ƙari kuma ba ta samun iskar oksijin sosai, gashi kuwa ya fi cin inda iskar take. Masana na gwada magungunan da za su ɗaure hannun maɗinkan, amma a dajin hanta har yanzu matakin bincike ake.

Abin da ya fi ɗaure mana hannu shi ne ita kanta hantar ba ta jure gashi mai yawa, balle wadda ta riga ta ƙandare. Likita ba zai ƙara wuta ya ƙona ɓangaren da ke riƙe da ran Baba ba. Ku koma wurin likitansa da tsohon hoto da sabon. Ina kuma roƙonku, kada a haɗa masa da sassaƙe ko jiƙo, hantar ce za ta sha wahalar tace su.

Tambaya: Maigidana zai fara gashi a asibitin Shika. An ce kada ya ɗauki jikokinsa, wai hasken zai shafe su. Daga Samaru.

Amsa: Hajiya, idan na'ura ce ke haska shi daga waje, da an kashe ta shi ke nan, ba ya komawa gida da komai. Ya rungumi jikokinsa.

Tambaya: Gwaji ya nuna ina da ciwon hanta nau'in B, kuma ni ɗan kasuwar hatsi ne. Shin dole in kamu da daji? Daga Sabon Gari.

Amsa: Ba dole ba ne, Malam, yawancin masu shi ba sa kamuwa. Amma sana'arka ta sa zan ja kunnenka. Gyaɗa da masarar da aka zuba a buhu ba su gama bushewa ba kan yi fumfuna, ita kuma tana fitar da gubar aflatoksin. Gubar nan tana lalata p53, mai gadin da ke tsayar da ƙwaya har a gyara zarenta. Idan ta haɗu da nau'in B, haɗarin ninkuwa yake yi. Gyaɗar da ta yi kore-kore ko take ɗaci, a zubar, dafuwa da suya ba sa kawar da gubar.

Ka je a auna yawan ƙwayar cutar a jininka, a ga ko kana buƙatar magani irin tenofovir, ka tambayi likita ko ya kamata a riƙa yi maka hoton hanta duk wata 6. A gwada iyalinka, jaririn da aka haifa maka kuma a yi masa rigakafi cikin awa 24.