Sikanin kullum a ICU, yana da illa?

Ɗan'uwa, ka ce mahaifinku yana ICU, wato sashen kula da masu matsanancin rashin lafiya, kuma kusan kullum sai likita ya zo ya ɗora masa na'urar sikanin a ƙirji, kana tsoron kar ta yi masa illa. Ka kwantar da hankalinka, ba ta yi. Sauti ne kawai take turawa cikin jiki, irin wanda kunne ba ya ji, ya daki gaɓoɓi ya dawo sai ta maida shi hoto, babu radiyeshon ɗin eksire ko CT (babbar na'urar hoto da ake shigar da mutum cikinta), shi ya sa ma ake yi wa masu ciki. Kuma abin da suke bibiya yana canzawa cikin 'yan awanni, ko ruwa ya taru a huhu, ko zuciya na matsawa da kyau, ko babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya ta cika tam ko ta lotse, da sikanin suke gane a ƙara drip ko a rage, don idan ruwan ya yi yawa huhu ne ke shan wahala. A 2008 likitan Faransa Daniel Lichtenstein ya wallafa tsarin BLUE na duba huhun masu sarƙewar numfashi a bakin gado.

Sai dai a abin da na gani, aikin yana hannun mai riƙe da na'urar ne, wani ya ƙware wani da sauran saura. Kuma ƙashi da iska suna tare sautin, mai ƙiba ko wanda iska ta cika wa hanji hoton sai ya fito dishi-dishi. To idan suka ce sai an kai shi CT kar ku ce ai an yi sikanin jiya, ku bari a yi. Allah ya ba shi lafiya.