Mu huɗu za mu tseren keke Abuja: mota ɗaya ko kowa da tasa?

Tambaya: Mu huɗu ne daga Samaru, za mu tseren keke na dogon zango a Abuja, kuma kowa na da motarsa. Wani cikinmu ya ce in kowa ya ja tasa, hayaƙin da za mu zuba ya shafe amfanin hawan keken. Haka ne? Kuma mu sayi kariyar saman mota, wato ƙarfen ɗora kaya a kan rufi?

Amsa: Abokin naku ya yi gaskiya. Keke ba ya hayaƙi, ɓarnar tana kan hanyar zuwa. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama duniya, dizal kuwa kusan 2.7. Zariya zuwa Abuja da dawowa ya haura kilomita 500. Motar da ke shan lita 9 a kilomita 100 za ta sha aƙalla lita 45, wato sama da kilo 100 na iskar. Motoci huɗu, kilo 400 ke nan. In kun haɗu a ɗaya, kason kowa kilo 25 da ɗoriya, kuɗin mai ma ya rabu huɗu.

Kariyar sama ba mu ba ku shawara ba. Keke a tsaye kan rufi yana tare iska, mota ta ƙara shan mai, musamman in an saki gudu bayan Kaduna. Ku nemi mota Sharon, ku cire kujerun can baya, ku sa kekunan a ciki. A kwance tayoyin gaba na kekunan, a cire feda da sifana lamba 15. A kula, fedar hagu tana kwancewa ne ta hannun dama, nan mutane ke cinye zaren. A sa kwali tsakanin keke da keke, ɓangaren sarƙa yana sama, don in nauyi ya danne ƙarfen da ke riƙe giyar baya zai lanƙwashe, giya ta yi ta tsalle ranar tsere. A naɗe sarƙar da tsumma saboda baƙin mai.

Akwai kuma jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, sai dai ku tambayi ƙa'idar kaya kafin ku yanki tikiti.

Tambaya: Ina burin shiga tseren Paris–Brest–Paris a Faransa. Yaya lissafinsa?

Amsa: Malam, kilomita 1,200 ne, ana yin sa duk shekara huɗu, na gaba 2027. Jirgin sama zuwa da dawowa zai ninka kason iskar kabon na mutum ɗaya a tafiyar Abujan nan sau da dama. In ka ƙudura, ka ɗauki jirgin da ba ya yada zango, kujerar gama-gari, tunda tashi ne ya fi cin mai. Atisaye kuwa ka fara shi daga ƙofar gida: Zariya zuwa Funtuwa da dawowa ya isa gwaji, ka fita bayan asuba da gorar ruwa biyu da kayan faci.